Odar da Na Ɗaura wa Surukina

A cikinku babu wanda bai ji labarin yadda kakanku na wajen uwa ya bar tuƙi ba. Abin da kuka ji shi ne barci ya ɗauke shi a kan sitiyari, ya buge saniya, ya jefa ubangidansa a kwalbati, da aka tambaye shi kuma ya ɗora wa mota laifi. Haka ake faɗi a Wuro Hausa, haka ake faɗi a tashar Jimeta, har ke Bilkisu na taɓa jin kina ba ƙawayenki labarin kuna dariya, ban ce miki komai ba, na shige ɗaki. Yanzu da likita ya raba ni da gareji ya bar ni da kujera da rediyo, bari in faɗa muku yadda aka yi, tun da ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka sani. Kada kuma wanda ya tsallake inda ake maganar waya da inji don ya gaji, na san halinku, maganar duk a can take.

Shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama ce, muna Jihar Arewa maso Gabas, lokacin da ko takardar kirki mutum ke nema sai ya kwana a hanyar Maiduguri. Ina da rumfa a bayan tashar Jimeta ina gyaran wayar mota: batir, fitila, sitata, oda. Wanda ya koya mini aikin mutumin Kudu ne, yaƙi ya tashe shi ban gama koyo ba, ya tafi ya bar mini akwatin kayan aiki da rabin ilimi. Sauran rabin da ƙarfin hali na cike shi. Masu aikin waya ba su da yawa a garin, don haka mutane suka ce Ilu Mai Waya ya fi kowa, ni ma ban yi musu gardama ba. Watana bakwai ke nan da auren mahaifiyarku Hajara, ina jin kaina sosai.

Kakanku, wanda direbobi ke kira Baba Bobbo (har yau hannuna na nauyi wajen rubuta sunan), ya yi shekara ashirin da wani abu yana jan babbar mota tsakanin Yola da Jos, bai taɓa taka ko kaza ba. Da bayansa ya fara ciwo sai ya koma tuƙa Alhaji Garba, wani ɗan kasuwar fatu a Wuro Hausa. Bafillace ne na cikin Yola, irin waɗanda kunya ta fi musu abinci. Tun ranar da aka ɗaura aurena da 'yarsa ban ƙara kallon fuskarsa ba, shi ma bai ƙara kallon tawa ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa tun daga nesa, shi kuma ya juya kai ya amsa wa bango gaisuwata. Ba ma cin abinci wuri ɗaya, ba ma zama a benci ɗaya, balle a ce mota ɗaya. In yana da magana da ni sai ya gaya wa Dada, kakarku, Dada ta gaya wa mahaifiyarku, mahaifiyarku ta gaya mini bayan na ci tuwo. Ku yanzu da kuke zama da surukanku kuna kallon ƙwallo kuna musu, ba za ku gane ba. Mu a wajenmu wannan shi ne mutunci, kuma ban ce muku ba shi da daɗi ba.

A shekarar ne Alhaji Garba ya sayi mota a hannun wani Ba'amurke da ya zo aikin haƙa rijiyoyi, yana zaune a unguwar Karewa, ya gama zai koma gida. Doguwa ce, ruwan toka, in ta shiga lungun Wuro Hausa sai masu tallan nono sun manne da katanga. Sitiyarinta a hagu yake, ya yi daidai da sabuwar doka, kuma ba ta da kuloci, totur da birki ke nan. Kakanku bai ƙi ta ba, abu ɗaya ne ya tsaye masa. Tsofaffin direbobin manyan motoci da oda suke magana, da ita suke gaida mutane, da ita suke korar shanu, kowa kuma da irin busarsa da aka san shi da ita tun kafin a ga mota. Ran nan mahaifiyarku ta ajiye mini ruwan wanke hannu ta ce:

"Baba ya ce wai odar motar nan ko kaza ba za ta tayar ba. In da hali a sa masa irin ta babbar mota, kuma kusa da yatsa, don kada ya riƙa sakin sitiyari."

Wallahi na ji daɗi. Karo na farko ke nan da surukina ya nemi wani abu a wurina, na ce sai na yi masa aikin da zai yi alfahari da shi a tasha. Na samo oda mai ƙaho biyu daga jikin wata babbar mota da ta mutu, na ɗaure ta a bayan garmar gaba. Sai neman inda zan huda in sa maɓalli. Ina dube-dube sai na ga ɗan maɓalli a bakin sandar sigina, daidai inda yatsan hannun hagu ke kaiwa. Na danna, shiru. Na tayar da inji na danna, shiru. Na kunna fitilu, na zagaya gaba da baya, na duba abin share gilashi, na duba rediyo, babu abin da ya motsa. Na kawo ɗan ƙwan gwajina na taɓa, sai ga wuta tana zuwa duk lokacin da aka danna. Na ce kai, Turawa da almubazzaranci, maɓalli da wutarsa da komai amma ba a ba shi aiki ba. Nan take na ba shi aiki. Na jona wayar odata a jikinsa, siraran wayoyinsa na asali kuwa na bar su yadda suke, domin ubangidana ya koya mini kada in yanke wayar da ban san inda ta nufa ba. A lokacin ina ganin wannan shi ne iyakar taka-tsantsan. A ƙarƙashin bonet na ga wani baƙin abu na roba kamar ƙaramar ƙwarya, da 'yar sarƙa da ta tafi wajen kafireto, ban san shi ba, na kawar da kai. Washegari Dada ta aiko mana da kindirmo ƙwarya guda, na gane aiki ya karɓu.

Ba a yi sati biyu ba saƙo na biyu ya zo.

"Baba ya ce motar tana gudu ita kaɗai."

Na ce, "Ita kaɗai kamar yaya?"

"Oho. Haka Dada ta ce."

Mai gyara da tambaya yake aiki, ko likita sai ya tambayi inda ke ciwo. Na shirya tambayoyina: da sanyin safiya take yi ko in inji ya yi zafi, a gangare ko a hawa, tana ƙara gudu ne ko tsayawa take a inda take. Na ba mahaifiyarku, ta kai wa Dada ranar da ta je Yola, Dada ta jira lokacin da ya dace ta yi wa mijinta magana. Kwana huɗu amsa ta dawo, an ce ya ce ba kullum ba ne. Na sake aikawa, aka dawo da cewa a kan kwalta ne, kuma in ya taka birki tana bari. Tambayar gangare ta ɓace a hanya, ban san a hannun wa ba. Dada kuma ta ƙara nata a kai, wai bakin mutane ne, mota irin wannan ba za a rasa masu kallonta da mugun ido ba, har ta ba da wani ƙulli a sa a ƙarƙashin kujera. Na karɓa na sa, me zan ce?

Sau huɗu aka kawo mini motar nan. Na farko na ce wayar totur ce ke maƙalewa, na zare ta na wanke na shafa mata mai. Na biyu na ce ƙarfen da ke mai da totur baya ne ya saki, na sa sabo. Na uku na cire tabarmar roba da ke ƙarƙashin ƙafa gaba ɗaya, na sa maƙwabcina makanikin inji ya kwance kafireto ya wanke shi tas. Kowane karo sai in hau hanyar Numan ni kaɗai in ba ta wuta, in ɗaga ƙafa, ta rage gudu kamar kowace mota. In na ci karo da jaki ko mai keke, sai in bugi odar tsakiyar sitiyari, wadda hannuna ya saba da ita. Waccan ta bakin sanda ba na taɓa ta a hanya, domin tasa ce, an san busarta a gari, sai in ji kamar in ɗauki hularsa in sa. A rumfa dai na kan danna ta in ji tana aiki, mota na tsaye. Kaina ya ɗaure ƙwarai. In kwanta ina lissafin wayoyi, in tashi ina lissafinsu, har na fara zargin man da ake sayarwa a Yola. Na ce wa mahaifiyarku ko dai takalminsa ne ke kama totur, aka kai saƙo, aka dawo aka ce ai shi bai taɓa tuƙi da takalmi ba tun da yake.

Karo na huɗu da kansa ya kawo ta. Ya tsaya a bayan rumfa, ya ba ni baya, yana fuskantar itacen dalbejiya. Ni kuma na durƙusa a gefen taya ina kallon ƙasa. Hausarsa irin ta mutanen Yola ce, ba ya raba mace da namiji.

"A gaya wa mai gyara, ƙafana ba ya kan totur. Na ɗaga shi har sama na duba shi da idona. Motan yana tafiya."

Na ce wa ƙasa, "To, Baba. Za a sake dubawa."

"Allah ya ba da sa'a."

Ya tafi da ƙafa ya hau motar haya. Abin da ya kamata in ce shi ne, Baba shigo ka tuƙa ni in gani da idona. Maganar ta zo har bakina. Da na faɗe ta da ba mu kai mil biyu ba an gama komai, amma yaya zan zauna kafaɗa da kafaɗa da surukina a kujera ɗaya? Na haɗiye ta, na koma na sake buɗe bonet.

Bayan kwana tara abin ya faru. Suna komawa Yola daga Jimeta da la'asar, shanu suka fito tsallaka hanya. Ya yi musu oda tun daga nesa, ya ɗaga ƙafa yadda ya saba, domin tsohon direban babbar mota ba ya gaggawar taka birki, barin mota yake ta rage da kanta. Ba ta rage ba. Kafin ya farga ya danne birki sun iso kansu, ya kauce wa biyu ya bugi ta uku, tayar gaba ta faɗa kwalbati. Saniyar sai yanka ta aka yi. Alhaji Garba ya bugi kujerar gaba, goshinsa ya tsage.

Da safe aka aiko kirana zauren Alhaji. Na tarar da shi da filasta a goshi, dattawan unguwa uku a gefe, kakanku kuma a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Na zauna can nesa inda ba za mu haɗa ido ba. Alhaji Garba ba azzalumi ba ne, kada ku riƙe shi a zuciya, mutum ne da ya ga mutuwa jiya kuma yana son a gaya masa dalili.

"Ilu, sau nawa ka duba motar nan?"

"Sau huɗu, Alhaji."

"Ka ga wani abu?"

"Ban gani ba."

"Ka hau ta da kanka?"

"Na hau, har kusa da Numan."

"Ta yi maka gudun nan da ake faɗi?"

"Ba ta yi ba."

"To, tsakaninka da Allah, tun da kake wannan aiki ka taɓa ganin motar da ta taka wa kanta totur?"

Na nemi hanyar fita, babu. Abin da na sani ke nan, kuma an haɗa ni da Allah. Na ce ban taɓa gani ba. Kakanku ya ce, a hankali, bai yi barci ba. Sau ɗaya ya faɗa bai maimaita ba. Alhaji ya ce, "Bobbo, tsufa ba laifi ba ne, kowa zai je. In barci ne ka ce barci, mu yi haƙuri da juna. Abin da ya fi goshin nan yi mini ciwo shi ne a ce mota ce." Kakanku ya miƙa hannu ya ajiye makulli a kan tabarma. Da zai fita ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun aurena. Ba harara ba ce. Kallon mutumin da ke tambaya ne, ko kai ma?

Kun san tasha. Kafin sati an sa masa suna, in ya wuce sai wani ya ɗaga ƙafa sama ya ce "ba ni ba ne, motan ne," a fashe da dariya. Mutanen da ya koya wa tuƙi suna ciki. Ya daina zuwa Jimeta, ya koma Mbamoi inda yake da 'yar gona. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da mahaifiyarku ta dawo daga can ta ce ta tarar da shi zaune yana kallon ƙafarsa ta dama, yana ɗaga ta yana saukewa, har ya tambayi Dada ko ta taɓa ganin tana motsi ba da saninsa ba. Shi kansa ya fara shakkar kansa ke nan. Alhaji ya gyara mota ya ɗauki sabon direba, wata biyu cur ba ta yi ko tari ba. Mahaifiyarku ta tambaye ni sau ɗaya, "Ka tabbata ka duba ko'ina?" Na yi mata tsawa, na ce in ta fi ni sanin waya ta zo ta karɓi rumfar. Ba ta sake tambaya ba. A raina kuwa na riga na yanke cewa tsohon ya gyangyaɗa ne, kunya ta hana shi faɗi.

Sai Alhaji ya aiko in zo in cire odar nan, wai sabon direba ba ya amfani da ita, ya ce ta 'yan ƙauye ce, shi kuma Alhaji ko ganin ƙahonninta ba ya son yi. Na je Yola da hantsi na ɗauko motar ni kaɗai. Na fita gari, hanya ta miƙe, allurar maleji tana kan arba'in. Sai na ce tun da yau za a cire ta, mai ita kuma ba ya nan, bari in ji muryarta sau ɗaya a kan hanya. Na danna, ta yi kukanta mai daɗi. Can gaba akwai ɗan lanƙwasa, na ɗaga ƙafa. Allura ba ta motsa ba. Na duba ƙafata, ga ta a sama, na duba totur, ga shi a danne kamar akwai wanda ya taka. Na yi salati na danne birki, nan take ta saki. Na tsaya a gefen hanya, ban san abin da na gani ba. Na sake tashi, na kai arba'in, na ɗaga ƙafa ban taɓa komai ba, ta rage. Na sake kaiwa arba'in na yi oda, ta riƙe. Na gwada a hankali, gudun cikin gari, na yi oda, ba ta riƙe ba. Na yi ta kai da komowa a wannan hanya ina busa oda, har masu yankan ciyawa suka miƙe suna kallona.

A rumfa na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na bi siraran wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Suka kai ni wani ɗan akwati da ke jikin wayar maleji, daga nan bututu ya tafi wajen baƙar ƙwaryar robar nan mai sarƙa, sarƙar kuma totur take ja. Na kwashe kayan but ɗin bayan mota na sami ɗan littafin motar a ƙarƙashin tayar ajiya, mai ya jiƙa rabinsa. Na kai wa wani malamin makaranta a unguwarmu ya karanta mini shafin da ke da hoton sandar. Ya ce ai wannan abin hutar da ƙafa ne, a ƙasarsu hanyoyi dogaye ne, in direba ya kai gudun da yake so sai ya danna ya saki, mota ta riƙe gudun da kanta har sai an taɓa birki, kuma ba ya aiki sai an wuce mil talatin. Ya ce Turawa akwai dabara. Na ce akwai, na karɓi littafin na fito. Ashe maɓallin da na ce ba a ba shi aiki ba yana da aikinsa, ni ne na ɗora masa na biyu. Duk lokacin da tsohon nan ya gaida mutane ko ya kori shanu a kan kwalta, da yatsansa yake ce wa mota ta riƙe gudu, kuma ni na haɗa masa.

Ban cire odar ba ranar. Washegari da safe na tuƙa motar har Mbamoi, na same shi a gona yana shema. Na tuɓe takalmi na durƙusa, amma wannan karon na ɗaga kai.

"Baba, ina roƙon arziki. Ka zo ka tuƙa ni."

Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya jingine fartanya, ya wanke ƙafafunsa da ruwan buta, ya shiga. Na zauna a gefensa, jikina duk a takure. Ya ja mota muka hau kwalta. Da allura ta kai arba'in na ce ya yi oda ya ɗaga ƙafa. Ya yi, mota ta riƙe. Na ce ya taka birki, ya sake kaiwa, ya ɗaga ƙafa ba oda. Ta rage. Bai jira na sake cewa komai ba, ya maimaita da kansa sau uku, na ƙarshen har ya naɗe ƙafafunsa biyu a kan kujera mota na tafiya. Sannan ya tsaya a gindin wata tsamiya ya kashe inji. Na bayyana masa komai, maɓallin da wayoyin da littafin, ban rage laifina ko kaɗan ba. Ya dafa gwiwarsa ta dama ya ce:

"Ashe ƙafana lafiya."

Idanunsa suka kawo ruwa, na kawar da kai. Can ya tambaye ni wa ya sani. Na ce malamin da ya karanta littafin bai san zancen oda ba, daga nan kuma gidan Alhaji zan wuce in faɗa a gaban dattawan da aka yi a gabansu.

"Ba za ka je ba."

"Baba, sunanka fa."

"Sunana an riga an yi dariyansa, ba za a mayar ba. In ka je yau, gobe tasha duka ya ji Ilu ne ya jefa Alhaji a kwalbati. Wa zai sake kawo maka mota? Hajara yana da ciki. Ni na gama tuƙina, kai yanzu ka fara. Mutum ɗaya ya faɗi a gidan nan, ya isa."

Na ce ba daidai ba ne, ya ce bai tambaye ni daidai ba. Sau ɗaya na yi masa gardama, ku lura, sau ɗaya tak. Kuma tun da na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: da ya ce ba za ka je ba, wani sanyi na ji ya sauka a ƙirjina. Tun daga Jimeta nake addu'ar ya faɗi haka. Na mai da shi gona, ya ɗauki fartanyarsa, na koma rumfa na cire odar, na yanke siraran wayoyin nan na naɗe bakinsu, na mayar wa Alhaji motarsa na ce an gama.

Cikin da ya ambata kai ne, Sanusi. Rumfar nan ita ta zama garejin da ya yi muku makaranta dukanku, kakanku kuma ya ƙara shekara goma sha tara a duniya bai sake riƙe sitiyari ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Muka koma yadda muke, ina durƙusawa daga nesa yana amsa wa bango.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa umarninsa na bi, kuma babba in ya yi umarni ba a tsallakewa. Amma na sha juya maganarsa a gindin tsamiyar nan kalma kalma, gidan Alhaji kaɗai ya hana ni zuwa. Bai ce kada in gaya wa 'yarsa ba. Mahaifiyarku ta zauna da ni shekara arba'in da ɗaya, duk lokacin da aka ambaci tuƙin mahaifinta sai ta sunkuyar da kai ta canza zance, kuma ta rasu tana zaton ya yi ƙarya a gaban dattawa. Wannan shirun ba shi ya sa ni ba, ni na ƙara da kaina.